Dalilin da ya sa na hana ka keken kishingiɗa

Da sunan Allah Mai tsare wanda ya fita da wanda ya zauna. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban da aka yi mana arzikin maƙwabtaka da shi.

Abba, assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, kuma ko yau da safe mun haɗu a bakin ƙofa ka gaishe ni kana kallon takalmanka. Allah ya kai ka Yanbu lafiya ranar Asabar. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da direba mai gyangyaɗi, ya haɗa ka da abokan zama nagari a makarantar koyon aikin injin ɗin nan, ya sa abin da za ka je nema ya zo da albarka.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san da ƙyar za ka karanta, harafi-harafi, kamar yadda ni ma na koya a littattafan da alhazai ke mantawa a masauki. Haka nake so. In da Larabci ne, kafin in kai aya ka shirya amsa, ni kuma in ɗora maka wata, mu koma inda muka tsaya ranar Talata.

Ka tuna yadda aka yi. Muna cin abincin rana ka ce, "Abuya, ka ba ni sikal ɗinka in tafi da shi, duktur ya ce in riƙa motsa jiki." Ni kuma da loma a bakina, a gaban ƙannenka mata, na ce, "Kai? Ai kafin ka kai bakin titi ka mayar da shi tabarma." Suka kwashe da dariya. Ka ajiye cokali, ka ce "Khalas," ka tashi. Ummanka ta dube ni ta ce, "Baban Abba, wannan bakin naka ko wuƙar mahauci."

Ba zan janye maganar ba, domin gaskiya ce, keken ba zai ɗauke ka ba. Yadda na faɗe ta ne ɓarna. Ina ɗan shekara goma sha tara aka yi mini aure, ina ashirin aka haife ka, har yau in mun shiga baƙala, kantin unguwa, tare sai a tambaye ni ko ƙanena ne kai. Wataƙila shi ya sa nake yaɓa maka magana kamar muna majalisar abokai, in manta cewa maganar uba ba ta sauka a inda ta aboki ke sauka.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wanda Ummanka ta gaya mini jiya da safe. Wai ka rantse da Allah kai da keke har abada, suga in zai zo ya zo. Abba, mai sunanka, mahaifina, yana yaro ya tako daga Damagaram a bayan iyayensa. Ya ratsa Chadi, ya ratsa Sudan, suna tafiya suna tsayawa ƙwadago a gonakin mutane su sami guzuri su ƙara gaba, suka tsallake teku, har ya zo nan Madina ya tsaya a gaban kabarin Manzon Allah. Ban taɓa tuna tafiyar nan ba tsigar jikina ba ta tashi ba. To wannan ƙafar ce suga ya ci. Ni na riƙe hannunsa a asibiti ranar da aka yanke ta. Ƙafar da rairayi bai iya da ita ba, shayi mai zaƙi da zaman wuri ɗaya suka ga bayanta. Jikinsa na gada, kai ma shi ka gada, kuma likita ya riga ya ce maka abin yana bakin ƙofa. Ba zan bari ka bar gidan nan da wannan rantsuwa a wuyanka saboda bakina ba.

Bari in ba ka labarin wautata da keke, ka tsinci abin tsinta.

Kana ɗan firamare na sayi kekena na farko, irin na kowa da kowa. Ka san aikina, in ɗauki kwalayen dabino a kasuwa in rarraba wa shagunan Anbariyya. Zaman mota daga safe har la'asar, kowane shago a miƙo maka shayi, har tumbi ya fara gaisawa da sitiyari. Na shiga wani shagon kekuna na nuna wanda ya fi kyawun fenti. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kam waznak?" Wato kilo nawa ne ni. Na ce masa, "Awo na zo yi ko saye?" Ya ɗaga kafaɗa ya ba ni.

Sirdin nan kamar an zaunar da ni a bakin gatari. Wuyan hannuna ya riƙa mutuwa, ƙuguna ya riƙe. Ba a daɗe ba wayoyin wilin baya suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, har tayar ta koma rangaji kamar mai maye. Na mayar masa na yi ta zuba rashin mutunci da Larabci, da ya ƙare na ƙara da Hausa. Ya bari na gama, ya ce, "Ai na tambaye ka." Na fito na yi irin rantsuwarka. Ka ga barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Gaskiyar ita ce ban san nauyina ba, kuma ba na son in sani. Ranar da na sani, a kan sikelin dabino ne na kasuwa. Ɗahiru, abokin aikina mutumin Agadas, ya gama auna kaya ya ce, "Tanko, hau mana mu gani. Wane dabino za mu rubuta, Ajwa ko Safawi?" Na hau don in nuna ko a jikina. Lambar ta tsaya a ɗari da ashirin da shida. Ni a raina ɗari ne da 'yan kai. Ashe akwai rabin buhu a jikina ina yawo da shi ban san da zamansa ba.

Saboda haka, kafin ka tambayi abin da keke zai iya ɗauka, ka san abin da za ka ɗora masa. Ka hau sikeli da tufafinka da takalmanka da jakarka da gorar ruwanka. In mai shago ya tambaye ka, ka faɗa masa kai tsaye, kada ka rage ko ɗaya. Lambar ba zagi ba ce. Ni ne na mayar da ita zagi ranar Talata.

Aka yi kamar shekara biyu ba na ko kallon keke. Sai wata la'asar ina tsaye a gefen gonakin dabinon Ƙurban, wani abu ya wuce ni shiru kamar an ɗora kujerar hutawa a kan iska. Mutum ne a kishingiɗe, bayansa a jingine, ƙafafunsa a gaba suna juya feda, hannayensa a gefen cinyoyinsa suna tuƙi. Ba ya nishi, ba ya duƙawa. Wallahi sai da na saki baki. Na shiga mota na bi shi kamar ɗan sanda. Wani ma'aikacin jinya ne ɗan Indonesiya, aikinsa ya ƙare, yana shirin komawa gida, yana neman wanda zai saya. Wannan karon ni na yi tambaya. Ya ba ni ɗan littafin da ke zuwa da keken, na zauna da ƙamus ɗin waya na bi shi kalma-kalma har na gano iyakarsa, kilo ɗari da talatin. Na ce Alhamdulillahi, da sauran huɗu.

Tashin farko sai da na sha ƙasa, domin shi ba a tura shi da ƙafa a haye kamar na kowa, daga kwance kake tayar da shi. Amma da ya miƙe, Abba, ban san yadda zan gaya maka ba. Shekara talatin ina garin nan, ashe ƙasa nake kallo. Mai jiki kansa a sunkuye yake. Yana duba inda zai taka, yana duba ko kujerar da aka nuna masa za ta riƙe shi, yana guje wa idon mutane. Keken nan ya kwantar da ni ya ɗaga mini haɓa. Kawunan dabino suka riƙa wucewa ta samana, nonnansu sun yi jawur suna reto. Hasumiyoyin Ƙuba farare tas suka taso suka shige cikin shuɗi, tattabaru na kewaya su. Da na juya arewa, ga Uhudu can ya sha rana ya yi ja kamar garwashi. Na ce a raina, wannan saman ce fa Mala'ika Jibrilu ya riƙa ratsowa, wannan ɗin dai, ba wata ba, ni kuma ina ƙarƙashinta kullum ina lissafin kwali. Hawaye suka gangaro mini ta gefen ido suka shiga kunne, domin a kwance nake. Kuma babu inda ke mini ciwo. Nauyin da sirdi ke tarawa a wuri ɗaya, kujerar nan ta shimfiɗa shi a bayana gaba ɗaya. Na yi mamakin wanda Allah ya ba wa basirar ƙera abin nan. Ban san shi ba, ban san addininsa ba, amma ya tuna da masu jiki irin namu.

Don haka kada wani ya ce maka keke ba na masu ƙiba ba ne. Irin wannan kamar don mu aka yi shi. Sai dai kowanne da iyakarsa, kuma a nan na yi wautar da ta fi kowacce.

Ka san Inna, kakarka, ba ta haɗiye magani sai da Zamzam. Da mota nake ɗebo mata a wurin da ake cika jarkoki kusa da Harami. Da keke ya shiga raina sai na ce me zai hana. Na ɗaure jarka biyu masu lita goma-goma a bayan kujera. Ni ba jahilin lissafi ba ne, ko jaki ya san ashirin ta fi huɗu. Amma can cikin zuciyata akwai wata murya da ke cewa ai Zamzam ne, ruwa mai albarka ba zai karya mini keke ba. Ban taɓa faɗa a fili ba. Da na faɗa, da kunnena ya ji wautar.

Na yi sau ɗaya, lafiya. Na sake, lafiya. Na ce ka gani, masu littafin nan tsoro ne da su. Ban san ƙarfe ba ya kuka ba, a ciki yake gajiya, ya yi ta haƙuri da kai har ranar da zai sake ka. Ranar tawa ta zo a kan tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. A keken kowa da kowa in ka ga tudu sai ka miƙe a kan feda, gwiwoyinka su shanye dukan. A na kishingiɗa babu miƙewa. Duk abin da kake ɗauke da shi tare zai tashi, tare zai faɗo a kan kujera da wilin baya. Ƙarfen da ke riƙe da kujerar ya ɓalle. Na zube a kan ƙuguna, na ja jiki a kwalta, jarka ɗaya ta fashe. Motar da ke bayana ta ci birki, na buɗe ido na ga zanen tayarta a gaban hancina. Wani dattijo ya rugo, amma kafin ya ɗaga ni sai da ya tari ruwan da ke malala ya shafa a fuska, sannan ya ce, "Salamat, ya waladi." Ka tuna watan da na yi ina sallah a kujera? To shi ne.

Ka riƙe wannan da kyau. Lambar da aka rubuta, kai ne da duk abin da ka ɗora, har carbin aljihunka. Allah da ya sa wa Zamzam albarka, shi ya sa masa nauyi, kuma bai ɗauke ɗaya don ɗaya ba. Kada kuma ka zauna a bakin lambar kamar yadda na yi da huɗuna, ka bar wa ramin hanya rabonsa. Na sa an kawo mini sabon ƙarfen kujera, an sake ɗinka wilin baya da wayoyi masu yawa da kauri, amma duk wannan bai ƙara wa keken iyaka ba. Duk wanda ya ce maka zai yi walda keke ya ɗauki fiye da abin da maƙerinsa ya ce, ka yi masa sallama ka wuce. Ni ne na sauko, a hankali, har yau nake ɗari da goma sha biyu.

Kai kuwa ka haura lambar keken ba tare da jarka ko ɗaya ba. Ummanka ta gaya mini abin da aka auna a asibiti. Ba zan rubuta shi a nan ba, ƙannenka ba sa barin takarda ta huta. A kan keken nan na koya maka hawa kana ɗan sha huɗu, na ga yadda fuskarka ta yi ranar da ya miƙe da kai, na san abin da ka gani a sama. Shekara biyun nan da ka zauna karatun jarrabawa jikinka ya ƙaru, duk lokacin da ka nemi hawa sai in ce birki ya lalace, sai in ce taya ce. Da na zaunar da kai tun lokacin na gaya maka a hankali, da ba ta fito ranar Talata da ƙaya a jikinta ba. Gaskiyar da aka ɓoye don tausayi, ranar fushi take fitowa. Ka kiyaye wannan da abokan ɗakinka, da matarka in Allah ya kawo ta.

Ita Inna ba ta taɓa yarda nauyi ne ya kayar da ni ba. Ina kwance ina jinya ta zo ta zauna a bakin gado.

"Kai Tanko, in za ka Harami daga nan a kan wannan gadon naka mai taya, ina ƙafafunka ke kallo?"

"Gaba mana, Inna."

"Wa ke gaban?"

Na juya fuska bango, ta ci gaba.

"In ka juyo gida fa, ba kudu kake yi ba? Ina alƙibla take? Ka tafi ka miƙe wa Manzo ƙafa, ka dawo ka miƙe wa Ka'aba. Ubanka ko barci ba ya yi da ƙafa ta wajen nan. Ai an yi maka da sauƙi da aka tsaya a ƙugu."

Na ce, "To Inna, sai in riƙa tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa?"

Ta jefe ni da mafici.

Da na warke na tambayi malamin masallacinmu. Ya yi dariya ya ce babu laifi, matafiyi inda hanya ta fuskanta yake fuskanta, ba wulaƙanci ya nufa ba, ladabi kuma a zuciya yake. Na dawo gida ina taƙama na karanta wa Inna fatawa. Ta ce, "Allah ya ba ka sa'a, kai da malaminka."

Ranar da na koma hawa, da hantsi ne, na ɗauki hanyar Ƙuba na nufi Harami. Ina tafe ina jin daɗin iska, sai gine-gine suka buɗe, Koriyar Ƙubba ta bayyana. Abba, daidai tsakanin takalmana biyu ta fito. Ƙafar dama ta tashi a gefenta, ta hagu ta sauka, ita kuma tana tsakiya, shiru, rana na zuba a kanta. A ƙarƙashinta ne yake kwance, sallallahu alaihi wa sallam. Ban san lokacin da na damƙe birki ba. Na yi ta kokawa da kujerar nan kafin in miƙe, na kama keken na tura shi da hannu har na isa. Fatawa ta ba ni izini, ƙafafuna suka ƙi. Daga baya na karanta cewa akwai wani babban malamin garin nan na zamanin da, wanda bai taɓa hawa dabba a cikin Madina ba don kunyar wanda ke cikin ƙasarta. Na ce ashe Inna ba ita kaɗai ba ce. Har gobe, a daidai wurin nan nake sauka. Ban gaya mata ba, kada ta ce ta ci ni.

Wannan saukar ta kullum ce ta koya mini abin da littafi bai faɗa ba. Wahalar mai jiki a keken nan ba tuƙi ba ce, tashi ce. In kujera ta yi ƙasa da yawa, sai ka zama kamar kunkurun da aka kifar. Duk keken da za ka karɓa, ka zauna ka tashi, ka sake, ba tare da an miƙo maka hannu ba. Ka lura ko ƙarfen gefen kujera na cizon ƙugunka, in yana yi yau, gobe ma zai yi. Ka nemi kujerar raga, domin zufar Yanbu ba irin tamu ba ce. Ka gwada birki a gangara tun kana kusa da mai shi, abin da ya tsayar da siririn mutum ba lallai ya tsayar da kai ba. A hawan tudu kada ka yi jarumta, ka sauke giya ka juya a hankali, gwiwa ba ta da kayan gyara. Ka sa wando, jallabiya ba ta da amana a kan keken da ƙafa ke sama, kuma sarƙarsa doguwa ce, tana son cin tufa. Ka ɗaura tuta mai tsawo, ka sa hular kwano, domin direban babbar motar tashar jiragen ruwa ba ya ganin abin da ke ƙasa da tayarsa. A Yanbu babu Ƙubba, amma akwai dattawa. In za ka gaishe da babba, kada ka yi daga kwance tafin ƙafarka na kallon fuskarsa. Ka tsaya, ka miƙe.

Yanzu ga abin da na yi jiya. Kada ka ɗauka na sayar da kekena don in saya maka wani, ni ba uban tatsuniya ba ne, nawa yana nan kuma gobe ma zan hau. Akwai wani malamin makaranta mai ritaya a Al-Sih da ke da na kishingiɗa mai ƙafa uku, biyu a gaba ɗaya a baya. Tun watan jiya na ga tallarsa a waya, na yi ta cewa sai gobe, domin zuwa wurinsa na nufin sai na yi maka maganar da nake gudu. Da na tashi aiki na je. Kujerarsa faffaɗa ce, ta fi tawa tudu, tayoyinsa masu kauri. Na karanta littafinsa da idona, kilo ɗari da tamanin. Kai da jakarka kun shiga, da saura mai yawa.

Amma ni da na ga zanen taya a gaban hancina, takarda kaɗai ba ta ishe ni ba. Na lissafa abin da ke tsakanin nauyina da naka, ya zo daidai da babban buhun shinkafa. In ka ji Ummanka jiya tana cigiyar buhunta, ni ne ɓarawon. Na kishingiɗa, mutumin ya taya ni ɗora shi a ƙirji da ciki, muka ɗaure da shimagina, mayafin da nake yafawa a kai. Ya ja baya ya dube ni ya ce, "Ya akhi, keke za ka saya ko walima za ka kai?" Na ce masa ɗana nake aunawa.

Na zaga unguwar gwiwoyina na dukan buhu. Na nemi duk inda kwalta ta fashe na bi ta kai. Na sake shi a gangara na damƙe birki. Na kasa kunne ko wata waya za ta ce ƙas. Ko tari bai yi ba. Na ce in zai karye, ya karye a ƙarƙashina. Bai karye ba.

Sai dawowa gida. Ka san benenmu, hawa uku ba lif. Na rungumi buhun na fara hawa don in mayar mata. A hawa na biyu gwiwoyina suka ce ba da su ba. Na zauna a matakala, buhu a ƙirji, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. A nan na tuna cewa kai kana hawan benen nan da wannan nauyin kowace sallah. Da cefanen Ummanka a hannu. Wani lokaci da autarmu a wuya, kuma ka shigo kana tsokanar mutane. Ban taɓa jin ka ce wash ba. Ni ko a lokacin da na fi kowane lokaci ƙiba ban kai nan ba, kuma ina ta yi wa duniya ƙorafi. Na daɗe a zaune a wurin ina ta tasbihi. Subhanallahi, wane irin ƙashi, wace irin zuciya Allah ya ɗora wa yaron nan? Ashe ban san ƙarfin da nake kwana da shi a gida ɗaya ba. Ƙafafun da ke ɗaga wannan kullum, in suka sami feda da kujerar da ta dace da su a bakin tekun Yanbu, ni ban san inda za su tsaya ba.

Mutumin ya ce zai riƙe keken har bayan sallar Juma'a. Ba zan raka ka ba, bakina zai ɓata abin. Ummanka na da kwatancen gidan. Ka je kai kaɗai, ka zauna, ka tashi, ka zaga. In ya yi maka, ka ce masa kai ne ɗan mai buhu, sauran zance tsakanina da shi ne, kuma motar dabino za ta kai maka shi har Yanbu, ni zan tuƙo. In bai yi maka ba, ka gaya wa Ummanka in ba ka son gaya mini, mu nemi wani. Fushin da kake yi da ni kuwa ka riƙe abinka har ya huce, na ci bashinsa. Rantsuwar ce kaɗai ban yarda ka tafi da ita ba. Ka karya ta ka ciyar da miskinai goma. Shinkafar kaffarar tana nan a kicin, ni na hau da ita bene.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka a kan taya biyu da uku da huɗu. Allah ya bar maka ƙafafunka har tsufa, ya nisanta su daga wuƙar likita, ya sa su riƙa dawo da kai garin Manzo kana mai lafiya. Allah ya ba ka harshen da ya fi nawa sanyi. Na ba ka amana ga Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Ƙurban, Madina, ranar Alhamis.